Attahiru da Akwatin Hadamau

Attahiru Mode mutumin Dingyaɗi ne, manomin albasa, kuma tun yana saurayi Allah ya hore masa ra'ayi a kan komai. Bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma ya san inda matuƙansa ke kuskure. Da farar hula suka karɓi mulki, ya ga maƙwabta na samun kwangila shi ko takin zamani bai samu ba, sai ya yanke hukuncin cewa ƙasar nan ba ta san darajarsa ba. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya biya kujerar Makka, ya bar wa matarsa Safinatu gona da yara da alƙawarin mota. Alhazai suka dawo, Attahiru ya maƙale a Jidda.

Ƙasar waje kuwa ta gane darajarsa nan take, ta miƙa masa tsintsiya. Wani Bayamale, mutumin ƙasar Yaman, ne ya ɗauke shi aiki a wani zaure mai sanyi, inda aka jera akwatunan wasa masu gilashi irin na talabijin, 'ya'yan masu hali na zura sulalla suna danne-danne. Aikin Attahiru shara, goge gilashi da raba faɗa. Makwancinsa saman wani soro, tare da wasu 'yan Pakistan da ke soya barkono tun asuba, har ya daina bambance kukan kewar gida da na yaji. Safe wake da gurasa, rana shinkafa, fura sai a mafarki. Ba mai ce masa Alhaji, kowa "Takruni", sunan da suke kiran baƙin da suka fito daga ƙasashenmu. Ba shi da takardar zama, don haka ko masallaci zai tafi sai ya leƙa kwana kamar ɓarawon akuya. Amma duk mai komawa gida sai ya ba shi saƙo: a gaya wa mutanen Dingyaɗi yana harkar injuna.

Abokin hirarsa wani tela ne ɗan Shagari, Na'Allah, shi ma maras takarda. Duk Juma'a bayan an sauko, Na'Allah ne ke shan karatu.

"Wasannin ga ukku ne," in ji Attahiru. "Akwai na ƙwallo, sanda nan, sanda can, ɗigo na kai da komo. Wanda duk ya iya kallon wanga ya iya kallon bango. Akwai na harbi, wasu ƙwari na saukowa daga sama kana kashewa, ka gama wasu su taho. Korar jan-baki ce a gonar gero, sai dai mu in mun kore muna samun dame."

"Na ukkun hwa?" Na'Allah ya tambaya.

"Shi na raɗa wa suna Hadamau. Wani baki ne rawaya, ba wuya ba ciki, yana bin lungu yana cinye duk abin da ya tarar, aljannu na biye da shi. Wanda ya ƙera shi ya san kansilanmu. Wallahi babba mai hankali ba ya taɓa shi."

Babba mai hankali ya taɓa shi wata azahar. An rufe zauren don salla, ya tsinci sulai guda a ƙarƙashin akwatin Hadamau, ya ce bari dai ya san abin da yake zagi. Aljannu suka cinye shi kafin ya gane inda sandar sarrafa wasan take juyawa. Abin ya yi masa zafi. Shi, Attahiru, a ce zanen gilashi ya fi shi wayo? Daga ranar shara ta koma ta gaggawa. Ya haddace lungunan akwatin fiye da yadda ya san kunyoyin gonarsa, karatun Juma'a ma ya sauya: yanzu Hadamau wasa ne na haƙuri da dabara, wanda yara ke ɓatawa da garaje.

Wata safiya a shekararsa ta huɗu, yana tsaka da wasan da bai taɓa kaiwa nisansa ba, Na'Allah ya faɗo zauren yana haki.

"Attahiru, askarawa! Suna kama marasa takarda, ga su nan a bakin layi!"

"Dakata, saura kaɗan."

"Kai, ka haukace?"

"Na ce saura kaɗan!"

Na'Allah bai tsaya ganin kaɗan ɗin ba, ya bi ƙofar baya ya haura katanga. Attahiru ya ji mutum ya tsaya a bayansa, bai waiwaya ba. Askari ne, kuma mutumin kirki, don bai katse shi ba. Ya harɗe hannu yana kallo, har da nuna masa ya bi hagu. Attahiru ya bi hagu, aljani ya cafke shi. Sannan askarin ya dafa kafaɗarsa ya tambayi takarda.

Abin da ya fi ƙona masa rai a gidan tsaro shi ne shawarar hagun nan. Da dama ya bi, da ya tsira.

Jirgi ya sauke shi Kano da jallabiya da silifa. Ya tarar soja sun kori farar hula, sabulu da madara sun zama abin da ake bin layi ana shan bulala a kansu. Da ya isa Dingyaɗi, Safinatu, wadda ta riƙe gonar ita da ƙannenta duk shekarun nan, ta kawo masa ruwa ta durƙusa.

"Alhaji, sannu da hanya. Motar tana baya?"

"Tana tahe."

"To mi kaz zo muna da shi?"

"Ilimin zamani, Safinatu."

"Madalla. Da mi a ka dafa shi?"

Ya koma fadamar albasa, da shanun aro. Ranar kasuwar Shagari kuwa, in ciniki ya lafa, sai ya zauna inuwar da dattawa ke dara, ya zana lungunan Hadamau a ƙasa, ya jera tsakuwa, yana bayanin yadda duniya ta ci gaba ta bar su. Suka saurare shi kasuwa biyu saboda albarkacin hajjinsa. A ta uku wani mahauci, Husaini, ya tambaya ko bakin nan yana ƙoshi. Attahiru ya ce ba ya ƙoshi. Husaini ya ce to ai irin wannan suna da su a sakatariya, ya share zanen da tafin hannu, ya tona gurabun dara.

Tun daga nan Attahiru ya shiga dara. Ba a taɓa jin ya ci kowa ba. Ya ce laifin wasan ne, ba shi da lantarki.