Zumar Ustaz Amir

Almustafa mutumin Damagaram ne, mai gadin wani tsohon bene a unguwar Ulaisha, nan ƙasar waje da muka zo ci-rani. Ni kuwa direba ne, Bakano, ɗakinmu ɗaya a ƙarƙashin matakala. Ranar da ya ce ya yi rajista a wata kwaleji, zai koyi gyaran wutar lantarki ta hanyar darussan da ake sawa a talabijin, dariya na yi har da riƙe ciki. Mutumin da ko ƙwan fitila zai canza sai ya nemi kowa gafara!

Kullum bayan la'asar malamin, wani dattijo ɗan Sudan mai suna Ustaz Amir, zai bayyana a talabijin ya yi sallama. Almustafa ya amsa da ƙarfi, ya sauko daga katifa ya zauna a ƙasa, wai ba a zama sama da malami. In Ustaz ya jefo tambaya ya ɗan yi shiru, Almustafa ke amsawa, sannan ya dube ni yana washe baki.

Da karatu ya yi nisa sai Ustaz ya fara tari. Ya dinga ramewa, jallabiyarsa ta yi masa yawa. Duk tarin da ya yi, Almustafa sai ya ce masa sannu.

"Basiru, bawan Allahn nan ba shi da lahiya," in ji shi. Ya aika gida aka kawo masa zuma. Ya kuma rantse ba zai taɓa wayar lantarkin kowa ba sai ya durƙusa gaban malaminsa an sa masa albarka.

Da ya ci jarrabawa ni na kai shi kwalejin, yana rungume da kwalbar zumar, sai ƙamshin turare yake. Ma'aikacin da muka tarar ya ɗago kai ya dube mu.

"Ustaz Amir? Allah yarhamu. Ai ya rasu tun kafin a fara sa darussan nan."

Da muka iso gida Almustafa ya wuce ɗaki. Ya ɗora zumar a kan talabijin.

Da sabon zango ya kama, aka dawo da darussan tun daga farko. Sai ga Ustaz Amir, kumatu cike, murya garau, ya yi sallama. Wallahi tsoro na ji. Almustafa ya amsa, ya sauko ƙasa kamar yadda ya saba.

Na ce, "Mutumin Damagaram, ai ka gama, halas. Tashi ka nemi aiki."

Idonsa na kan malamin ya ce, "Shi bai sani ba tukuna, Basiru. Ni na san darasin da zai soma tarin. Wa zai ce mishi sannu?"

Har yau gadi yake yi. Ni dai da an sallame la'asar nake ɗaukar makullin mota in fita.