Gaisuwar Safe a Oba-Obar Malam Ɗayyabu

Idan aka idar da sallar asuba a unguwarsu ta kan tudu, gefen Kafin Dafga, Malam Ɗayyabu ba ya komawa ɗaki. Tabarma yake shimfiɗawa a gindin doguwar gorar da ya ɗaura wa eriya, ya cire oba-obarsa, 'yar rediyon magana ta hannu, daga cajin sola, ya goge ta da bakin riga. Raɓa ba ta bushe ba tukuna, gonaki na kwance shiru, gabas na yin fari a hankali. Sai ya danna, ya yi sallama.

Daga nan muryoyi su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, wata daga fadama, wata daga bukkar gona, wata can ta wajen Rogo, siririya kamar a mafarki. Yakan lumshe ido yana saurare. In ka gan shi a lokacin sai ka rantse ganin mutanen yake, kowa a bakin gonarsa.

An daɗe da manoman yankin suka ɗora masa wannan aiki, domin a gonakinsu waya ba ta kamawa sai an hau bishiya. Shi ke zaɓo musu oba-oba, kuma zaɓensa sai mai haƙuri. Bai yarda da nisan da aka rubuta a jikin kwali ba. Jira yake sai damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, sannan ya kutsa da ita cikin kwari ya kira gida. Wadda ta yi magana daga nan ita ce tasa. Yana duba batir ko zai wuni, ya kuma ba tsoho ya danna da babban yatsa, don ya ce abin da tsoho ba zai iya dannawa ba kayan ado ne.

Amma ba na'urar ce ta fi ba shi wahala ba, mutanenmu ne da gaisuwa. Malam Shitu in ya danne, sai ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da awaki, bai saki ba. Ita kuwa oba-oba muddin ɗaya na danne da ita, sauran ba su da baki. Har aka taɓa yin ranar da shanu suka shiga gyaɗar wani, mai gani ya rasa ta inda zai shigo, Shitu na ta "ina yara". Wasu suka ce a hana gaisuwa gaba ɗaya.

Malam Ɗayyabu ya yi dariya ya ce, "A hana Bakano gaisuwa? Ai gara a karɓe masa oba-obar." Sai ya ware wa gaisuwa safiya. Shi zai kira kowa da sunansa, a gaisa a ƙoshi, sauran wuni kuma a bar hanya a buɗe. Karatunsa ɗaya ne: "Wanda ya danne ba ya ji. Faɗi naka, ka saki, ka saurara."

Wata safiya a kaka ya kira Baba Sulle, tsohon da ke kwana shi kaɗai a bukkar gona yana tsaron gyaɗarsa. Shiru. Ya sake kira.

Shitu ya shigo ya ce, "Batir ne, Malam, a wuce gaba, rana na yi."

Malam Ɗayyabu ya ce, "Jiya da la'asar na ji shi tar, batirinsa lafiya. Don Allah kowa ya saki."

Kowa ya saki. Babu abin da ke tashi sai shuuu, kamar yayyafi a kan kwano. Malam Ɗayyabu bai danna ba. Can sai aka ji ƙas, ƙarar danna oba-oba.

Ya ce a hankali, "Baba Sulle, in kai ne, danna sau biyu."

Ƙas. Ƙas.

Audu, wanda gonarsa ta fi kusa, ya hau babur. Shi ya ba da labarin yadda ya tarar da tsohon kwance a bakin bukka, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, oba-oba a hannun da ya rage. Kuma tun daga nesa yake jiyo muryar Malam Ɗayyabu na fita daga cikinta: "Baba, ga Audu nan tafe, kada ka ji tsoro." Sai Malam ya saki ya ba shi dama, tsoho ya danna, sannan ya ci gaba. A haka aka kai shi asibiti da ransa.

Malam Ɗayyabu, kai ne mai jiran amsa. Kai ne ka riƙe yatsanka lokacin da kowa ke gaggawar magana. Baba Sulle ya tashi, amma maganarsa ba ta dawo ba, kuma tun daga ranar ba ka taɓa tsallake sunansa ba. Kullum sai ka tambaye shi kwana, ya danna, ka ce masa "madalla", kamar ya zuba maka labari. Wallahi duk wanda ya taɓa jin wannan gaisuwa sai zuciyarsa ta karye.

Yanzu kunnuwansa sun yi nauyi, muryoyin nesa sun fara ɓace masa, shi ya sa ya miƙa wa Audu aikin tun kafin ya kasa jin ƙas ɗin da bai kamata ya wuce shi ba. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma masu riƙe da oba-oba da waya, mu koyi sakin yatsa, don wataƙila akwai mai kiranmu da ba shi da murya.

Ranar da Malam ya miƙa aikin, Audu ya durƙusa ya tambaye shi abin da zai fi kiyayewa. Bai yi maganar batir ko eriya ba. Cewa ya yi, "In ka kira Baba Sulle, kada ka yi sauri. Yatsan nasa ma ya fara nauyi."