Baƙon Yaya Sule na Tsakar Rana

Duk wanda ya san Yaya Sule a cikinku ya san ba ya kunna na'ura sai ya yi mata sallama. Rediyo ne, fanka ce, sai ya tsaya ya ce, "Salamu alaikum," ya ɗan saurara, sannan ya danna. Na taɓa ce masa, "Yaya, wai tana amsawa?" Ya ce, "Ke Asabe, ranar da ta amsa ai ke za ki fara sani, don ta ƙofar ɗakinki zan wuce da gudu."

Ni ce autarsu, kuma bayan rasuwar maigidana na dawo gidanmu na Kusfa, ɗakina na kallon nasa. Babu abin da ya wuce ni.

Da ya yi ritaya daga gyaran na'urori, wajen ƙarshen shekarun casa'in, sai ga shi da wata ƙatuwar kwamfuta a baro. Wai sunanta saba, ba a kashe ta, kullum tana gurnani. Ya ja mata layin waya, ya jera mata batiran mota saboda ɗauke wuta. A cikinta ya buɗe shafin intanet, ya zuba hotunan ganuwa da ƙofofin gari da tsofaffin gidaje, wai mutanen duniya su zo su gani.

Sai abin ya dame shi, bai san wa ke zuwa ba. Bashir, ɗan wanmu mai karatun kwamfuta a jami'a, ya ce akwai kamfanin waje da zai riƙa ƙirga masa. Kai, ranar mun sha faɗa! "Baƙo ya shigo zaurena, sai na tambayi Bature ko na yi baƙo? Allah ya kiyaye!" Ya nemo wata manhaja da masu ita suka ce kowa ya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta, ya gyara yadda ya so. Ya ce wannan waƙafi ne, ko su waye ya sa su a addu'a. Amma kafin ta yarda ta zauna a sabar sai da ya rame. Ta ƙi, ya ƙi, muna jin sa yana mata tsawa kamar mai korar jaki.

Ranar da ta fara aiki, tana nuna ƙasar kowane baƙo da hoton da ya kalla, ya leƙo tsakar gida ya ce wa matarsa, "Hajiya, a ƙara tuwo, mun yi baƙo daga Jamus!"

Ta ce, "Ya iso?"

"Ya tafi. Amma wa ya sani ko zai dawo?"

To, a nan dariya ta fara ragewa. Kullum da tsakar rana, lokacin da unguwa ke yin tsit, ko akuya ba ta motsi, sai wani baƙo ya bayyana, gurbin ƙasarsa wayam. Hoto ɗaya yake kallo: tsohuwar rijiyar bayan gidanmu, wadda aka rufe tun ba a haife ni ba, kuma manya ba su taɓa gaya mana dalili ba. Da damina ta zo, iska ta kayar da falwayar layinmu, waya ta mutu, babu mai iya shigowa daga waje. Jamus shiru, ko'ina shiru. Shi kuwa bai fasa zuwa ba.

Aka kira Bashir. Ya duba, ya duba, sannan ya ce, "Baba, lambar da baƙon nan ke shigowa da ita ta cikin gidan nan ce. Na'urar ce kawai take duba kanta."

Yaya ya ce, "To madalla. Me ya sa ba ta duba kanta ranar Juma'a?"

Wallahi Bashir da takalmi a hannu ya fita.

Na ce, "Yaya, don Allah cire hoton nan." Ya harare ni. "Mutum ya zo kallon gidansu in kore shi? Ko tsinke bai taɓa ɗauka ba." Daga ranar, rana na take tsaka sai ya shimfiɗa tabarma gefen na'urar, ya fito ya ja ƙofa, ya hana mu daka. Ni dai, Allah ne shaida, in ya ja ƙofar nan gurnanin na'urar sauyawa yake, ya koma kamar numfashi.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, bai daɗe a kwance ba. Bayan sadakar uku Hajiya ta ce in shiga in kashe abin, tunda ni ya koya wa inda ake dubawa. Ban lura da lokaci ba sai da na tsaya a gabanta. Tsakar rana ce. Layin waya har lokacin ba a gyara ba. Amma ga baƙi biyu, duk daga cikin gida, duk a kan rijiya.

Na fito da baya da baya. Hajiya ta ce, "Kin kashe?"

Na ce, "Hajiya, a bar su su gama."

Ba wanda ya sake taɓa ta, har batiran suka mutu don kansu.

Allah ya jiƙan Yaya Sule, mutumin da bai taɓa tambayar baƙo daga ina yake ba kafin ya shimfiɗa masa tabarma. Ya Allah, yau shi ne baƙonka. Ka yalwata masa masauki, ka haskaka kabarinsa, ka sa mu cika da imani. Amin.