Yaron da Na Sa Na Huɗu

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe na rubuta jerin. Na san lokacin domin na sa shi a saman shafi, kamar yadda aka koya mana a lakkol, wato makaranta.

Shekarar fari ce, soja ke mulki. Ina aji biyu a makarantar koyon jinya, aka tura ni koyon aiki wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, can bayan unguwar Talaje. Kowace safiya kamyo, babbar motar soja, kan sauke mana mutanen da yunwa ta koro daga arewa, waɗanda aka tsugunar a bakin gari. Shugabar masu jinya, wadda kowa ke kira Majo, dattijuwa ce 'yar Damagaram. Ni kuwa ba ni da baki. Kaye gare ni, littafin rubutu mai layi-layi da na ja da kaina: numfashi, ruwan jiki, zazzaɓi, ci. Layin ƙarshe na abin da ake fatan gani ne, da lokacinsa.

Ran nan yara huɗu ke kwance da zawo, kwalbar ƙarin ruwa biyu ta rage. Wani soja ya leƙo ya ce Majo ta zo ta duba waɗanda ke cikin mota.

"Ke malamar takarda," ta ce da ni, "jera min su. Wa za a fara, wa zai jira. In na dawo allura kawai zan sa."

Na fara da wadda ta fi kusa, wata mai tuyar ƙosai daga Wadata. Ɗanta na tsala kuka, ita kuma tana ba ni labari tun daga daren jiya.

"Rubuta, ɗiyata, sau bakwai. Ki sa takwas ma, ga wani nan tafe."

Na rubuta. Na biyu da na uku ma iyayensu sun amsa duk abin da na tambaya.

Na huɗun yana kan tabarma jikin bango, lulluɓe da zane har wuya. Uwarsa yarinya ce, ba ta girme ni ba, daga wani ƙauye gaba da Tawa. Ta zauna nesa da shi, ta ba shi gefe, tana kallon ƙofa.

"Baiwar Allah, yaya sunansa?"

Ta ci gaba da kallon ƙofa.

"Sau nawa ya yi zawo?"

"Ban ƙirga ba."

"Yana kama nono?"

"Barci dai yake."

Ba ta dube ni ba, ni ma ban iya dubanta ba. Na ji nauyin in tsallake ta in yaye zanen. Daga inda nake tsaye na ga ƙirjinsa na motsi. Na rubuta: yana barci, ba kuka, uwa ba ta nuna damuwa ba. Na sa shi na huɗu. A layin ƙarshe na ce zuwa sha biyu zai farka ya sha ruwan gishiri da sukari.

Majo ta dawo da mutum goma sha wani abu a bayanta. Ta karɓi kayen a tsaye, ta karanta, ta ɗaura wa na ɗaya da na biyu ruwa, ta wuce. Ba ta taɓa samun kuskure a rubutuna ba.

Sha ɗaya ta gota kafin ta iso jikin bango. Ta durƙusa ta yaye zanen. Ta tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta tsaya yadda ta bar ta. Ta taɓa maɗigarsa, ta ji ta faɗa ciki.

"Ɗan fari ne ko?" ta tambayi uwar.

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Na san wannan kunyar. Yayata ta yi ta a gidanmu: ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ko ya faɗi sai wani ya ɗaga shi. Na sani sarai. Ba ta dai cikin layukan kayena.

Majo ta cire kwalbar ɗan mai ƙosai, saura rabi. Matar ta buɗe baki, ta dubi tabarmar, ta rufe. Aka nemi jijiya a hannu, babu. A ƙafa, babu. Majo ta aske gefen kansa da reza ta nema a can. Ni ke riƙe da kwalbar. Na tuna hannuna ya gaji, na sauya hannu. Iyakar abin da na ji ke nan.

Ana kiran azahar ya cika. Uwar ba ta yi kuka ba. Wata tsohuwa daga cikin mutanen kamyo ta naɗe shi, suka fita tare, uwar na biye da ita a baya. Na zauna na cike layin ƙarshe, na sa lokaci. Rubutuna bai karkace ba.

Da yamma na bi ta Ƙaramar Kasuwa na sayo wa innata tattasai, don ta aike ni tun safe. Na ci tuwo. Washegari na koma aiki.

Bayan kwana biyu, muna wanke allurai, na ce, "Majo, da na sa shi na farko, da ya tashi?"

"Miƙo min tukunyar can," ta ce.

Na sake tambaya bayan sati. Ta ce in je in auna zafin na gado uku. Daga nan na bari. Ina jera marasa lafiya kowace safiya, ina yaye kowane zane, tana karɓa tana sake zagayawa da kanta. Ba ta daina kirana malamar takarda ba.

Ranar da zan gama, na kai mata takardar lakkol ta sa hannu. Ta sa, ba ta miƙo min ba.

"Kin tambaye ni abu," ta ce. "Da kin sa shi na farko, kafin ƙarfe goma da na samu jijiya. Wannan na tabbata. Ko zai tashi bayan nan, ban sani ba, kuma ba wanda zai gaya miki. Amma ke ɗaliba ce, ɗiyata. Ni ce na wuce shi sau biyu ban durƙusa ba."