Goggo Mai Rage Kyauta

Goggona, ƙanwar babana, zare da maɓalli da zif take sayarwa a wani ɗan shago da in mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya jira a waje. Ba ta yi nisa a boko ba, in ta sa hannu a takarda sai ka rantse kaza ce ta yi tono. Amma shekara goma sha shida ke nan tana shugabancin ƙungiyar da ke kai masu ciwon ƙoda asibiti a yi musu wanki, sau biyu a mako, a mayar da su gida ba su biya ko sisi ba. Duk dukiyar ƙungiyar tsohuwar bas ce guda ɗaya, da direba, da wani teburi a kusurwar shagon nata.

Daga mijinta abin ya samo asali. Shekara biyu ya yi yana zuwa wankin ƙoda kafin ya rasu. Goggo takan ce abin da ba za ta manta ba shi ne tsayuwa a bakin titi, tana riƙe da mutumin da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, motocin haya suna rage gudu su kalle su su wuce. Bayan rasuwarsa ta fara bin masu shagunan layinsu ɗaya bayan ɗaya, har aka sayi bas ɗin nan.

Ni kuwa a lokacin na gama jami'a, kaina ya fi tulu girma. Na karanci yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin taimakon jama'a, na iya rubuta takardar neman tallafi mai shafi ashirin. Gwiwoyin Goggo sun fara ƙin hawa bene, sai ta ce in riƙa raka ta zagayen da take yi duk ƙarshen wata. Ba ta ɓoye mini dalili ba.

"Mai gadona nake nema," in ji ta. "In ban samu mai riƙe mini mutanen nan ba, ranar da na kwanta motar ma ta kwanta."

Na bi ta ne da niyyar gyara mata aiki, amma tun fitar farko sai na koma 'yar kallo. Masu ba ta kuɗi su ne masu aski, da malaman firamare, da mai wanki da guga, da masu gadi, da mai gyaran waya. Kowa kuma ta yanka masa rabonsa a jikin motar. Tayoyi na masu aski ne, man ranar Talata na malamai, batir na masu gadi. In taya ta fashe ba ta cewa motar ƙungiya ta lalace. Leƙawa take yi shagon aski ta ce, "Tayarku ta baya ta ba mu kunya jiya." Su kuwa sai su hau gardama a kan wanda ya sayo ta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wurin mai gyaran takalma ya faru. Goggo ta ba shi labarin wata yarinya da aka fara kaiwa wankin ƙoda, mutumin ya ji tausayi, ya zazzage duk abin da ke aljihunsa ya miƙa. Sai ta ɗauki kaɗan, ta mayar masa da sauran cikin tafin hannu ta rufe masa yatsu. Ya rantse, ta rantse, ita ta ci. Da muka yi gaba na kasa haƙuri.

"Goggo, ana kukan targaɗe kina neman karaya? Mota na neman gyara, an ba ki kuɗi kin mayar?"

"Wanda ya zazzage aljihunsa yau," ta ce, "wata mai zuwa in ya hango ki sai ya sauya hanya, don kunya. Gara ya ba da abin da ba zai ji zafinsa ba, mu daɗe tare."

Na yi ta juya maganar a raina. Ba ta cikin littattafan da na karanta, amma na lura cewa a duk layin nan babu mai ɓuya in ya gan mu.

Duk da haka ban daina rubutuna ba, kuma wata rana ƙugiyata ta kamo babban kifi. Wani mai gidajen mai ya karanta takardata, ya ba mu sabuwar bas fil, ya kuma ɗauki nauyin mai da gyara da albashin direba har shekara uku. 'Yan kwamiti kamar su goya ni. Goggo ma ta yi murna ta gaske. Ta shiga gaba ta zauna, ta shafa kujerar, ta yi hawaye. Sai da ta sauko ta tambaya a hankali, "To su masu aski fa, me ya rage musu?" Ma'aji ya ce ai sai a bar bayin Allah su huta. Na goya masa baya, har da dariya.

A ƙarshen watan gwiwa ta kwantar da Goggo, ni nake jiran shago. Da hantsi wata dattijuwa ta shigo, wadda ke sharar benen ofisoshin da ke tsallaken titi. Na san ta a ido, ban taɓa yi mata magana ba. Ta ciro 'yan kuɗi a naɗe cikin tsohuwar takarda ta ajiye a kan teburi, ta ce na matasan kai ne. Ashe rabonta ke nan, ƙananan matasan da marasa lafiya ke jingina da su a hanyar dawowa. Na dubi silifas ɗinta da aka ɗaure da waya, tausayi ya kama ni.

"Inna, ki riƙe abinki," na ce. "Yanzu an samu mai ɗaukar nauyin komai. Ke ce ma ya kamata a taimaka wa."

Ta dube ni. Ta ce, "To." Ta ɗauki kuɗinta ta fita.

Da yamma na kai wa Goggo magani, na ba ta labari ina jiran yabo, don a ganina na koyi darasinta na mayar da kyauta. Maimakon yabo, sai ta jefo mini tambaya.

"Mutum nawa kika faɗa wa haka?"

"Ita kaɗai."

"Da sauƙi. Ni ragewa nake yi, ban taɓa mayar da duka ba. Gobe ki je ki same ta. Ba haƙuri kaɗai za ki ba ta ba, roƙonta za ki yi ta ba ki. In kin ji ba za ki iya ba, ki faɗa mini tun da wuri in nemi wata."

Raina ya ɓaci, ba na musu. Ni da na kawo mota sukutum, a ce za a sauya ni saboda kuɗin matashin kai? Amma na san Goggo ba ta yi wa mutum barazana, abin da za ta yi take faɗa.

Da safe na tsallaka titi. Na iske matar a hawa na uku tana goge matakala, bokiti a gefenta. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na fara zuba bayani a kan kuskure da rashin fahimta, irin maganganun da na saba rubutawa. Ta bar ni na gama, sannan ta jingina sandar gugar da bango.

"'Yata, kin ga benen nan? Duk mai wucewa in ya tashi yin alheri sai ya miƙo mini. Ragowar abinci, tsohon mayafi, canjin da ya yi masa nauyi. Ina karɓa, ina godiya, Allah ya saka musu. Amma wuri ɗaya ne a duniya nake shiga hannuna yana sama, shi ne shagon goggonki. Shekara tara. Jiya kika ce in sauke shi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Wasu ma'aikata biyu suka zo wucewa, muka matsa musu. Na ce ta yi haƙuri.

"Haƙuri na yi tun jiya. Me ya kawo ki?"

A nan na gane cewa duk takardun da na rubuta, ban taɓa tsayawa gaban mutum na roƙe shi da bakina ba. Da ƙyar maganar ta fito.

"Inna, marasa lafiyarmu suna bukatar matasan kai. Ko za ki taimaka mana?"

Ta goge hannunta a jikin riga, ta laluba aljihu, ta ciro takardar nan ta jiya. Ta fi ta jiya sirantaka.

"Rabi ne," ta ce. "Sauran na sayi sabulu da su don haushi. Wata mai zuwa kada ki jira ni in zo, ke za ki hawo."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Ta ɗauki sandarta ta ce in bi ta gefen bango, tsakiyar matakalar ba ta bushe ba.