Filistiyawa a Bakin Tafinta

Karatuna bai yi nisa ba. Firamaren mishan na yi a ƙauyenmu na kan dutse, sauran kuma kasuwa ce ta koya mini bayan na sauko birnin Garwa ina saurayi. Amma Allah ya ba ni kunne. Na tsinci Faransanci da Fulatanci da Hausa, shi ya sa majami'armu ta ɗora ni tafinta. Fasto ya yi wa'azi da Faransanci, ni kuwa ina tsaye gefensa ina juya wa masu jin Hausa.

Tafinta ba shi da lokacin tunani, kalmar da ta zo bakinsa ita yake jefawa. A cikin Maganar Allah akwai wata al'umma, Filistiyawa, abokan gaban Isra'ilawan dā, mutanen wani ƙaton mayaƙi da aka kayar da majajjawa. Farkon aikina, in na ce Filistiyawa sai in ga jama'a sun yi mini zuru. Wata Lahadi na ce Falasɗinawa, sunan da kowa ke ji a rediyo, sai na ga ana gyaɗa kai. Na riƙe shi. A raina abu ɗaya ne, bambancin baki ne kawai. Fastoci suka zo suka tafi, babu mai Hausar da zai kama ni. Yara suka girma suka yi aure suna jin cewa Falasɗinawa ne Allah ya yi fushi da su.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu muka rage. Ya musulunta tun yana ɗaukar kaya a wurin wani Alhaji, yanzu albasa yake sayarwa a babbar kasuwa. Addini bai taɓa raba mu ba. Kowace Lahadi bayan sujada yakan zo a moto, wato babur, mu ci tuwon dawa da miyar yakuwa, ya shigo yana cewa, "Yaya, an tashi daga waƙa? Yau wa kuka tura wuta?" Ni kuma in ce, "Kai muka fara turawa, Malam, aka ce warin albasa zai kashe ta."

Da yaƙin Gaza ya yi tsanani, zolayar ta ragu. Wata Lahadi ya zauna bai wanke hannu ba, ya miƙo mini wayarsa. Wani mutum ne ke tono cikin ɓaraguzan gini da hannu, yana kiran wani suna. Na kawar da kai na ce, "Abinci na hucewa."

"Yaya, ɗansa yake nema."

"Na gani. Su ma mutanensu sun shiga gidajen Isra'ilawa sun kashe, sun kwashi mata da yara."

"Ban ce ba a yi ba. Wannan yaron shi ya yi?"

Sai na faɗi abin da bakina ya saba. Na ce, "Mutanen nan tun zamanin annabawa hukunci ke kansu. A rubuce yake."

Matata tana zuba ruwa a buta, ta tsaya cak. Ƙanena ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya latsa wayar ya sake miƙo mini. Wannan karon jana'iza ce cikin majami'a, ga gicciye a bango, ga limaminsu da baƙar riga, mata suna kuka da Larabci.

Ya ce, "Waɗannan naka ne, ba nawa ba. Su ma a rubuce yake?"

Ya tashi ya hau moto. Lahadin da ta biyo bai zo ba, ta gaba ma haka.

Na je wurin fastonmu, matashi ne da ya yi karatu a kudu. Na tambaye shi ko Filistiyawa su ne Falasɗinawa. Ya ce sunan ƙasar ne ya samo asali daga can, amma waccan al'ummar ta shuɗe tun da daɗewa. Na yanzu mutane ne irinmu, kuma akwai masu bi a cikinsu tun kafin bishara ta hau duwatsunmu. Yana murmushi ya ce, "Baba, me ya kawo tambayar?" Da na gaya masa, murmushin ya ɗauke.

Ya ba ni dama in gyara a gaban jama'a. Na tsaya na ce kalmar nan tawa ce, ba ta Allah ba. Na yi addu'a domin iyayen Isra'ilawa da aka sace wa 'ya'ya, da iyayen da ke tono a Gaza, na roƙi Ubangiji ya tausasa zukatan masu mulki da masu sayar musu da makamai. Amin ɗin da ya dawo mini bai kai na albarkar abinci ƙarfi ba. A bakin ƙofa shugabar zumuntar mata ta tare ni. "Baba tafinta, tsufa ne, ko ƙanenka ne ya yi maka tofi?" Aka yi dariya. Wani magidanci ya ce, "Mu dai abin da muka ji tun muna yara shi muka riƙe." Daga bakina ya ji shi.

Abin da ke ci mini rai, mu ba baƙin wannan kuka ba ne. Da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyuka a duwatsunmu, na ga mata sun iso Garwa da goyo, ba ko takalmi. A lokacin har a kasuwa na ji mai cewa alhakinsu ne ya kama su, na yi kwanaki ban ci abinci da daɗi ba. Manyan ƙasashe suna da dalilansu na zaɓen ɓangare, mu kuwa mun ɗauki yaƙin kamar ƙwallo, kowa da ƙungiyarsa. Mai Ceton da nake bi ya umarce mu da ƙaunar maƙiyi. Ni kuma na ƙirƙiro wa jama'ata maƙiyi don kada wa'azi ya tsaya.

Na tafi kasuwa na sami ƙanena yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ya kakkaɓe mini buhu na zauna. Na gaya masa duk abin da na yi a majami'a. Ya ce, "Madalla." Na ce matata tana tambayarsa. Ya ce kasuwa ta yi nauyi, sai Allah ya nufa. Muka yi maganar zafi da ruwan Binuwai da ya ja baya.

A wurinmu ƙane yakan raka wansa har bakin hanya, ko da ciniki a hannunsa. Da na miƙe babu mai saye ko ɗaya a rumfar. Ya ce, "A gai da gida," ya sunkuya kan albasarsa.