Takardar da Iya Ta Ƙona

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar daminar shekarar da nake aji shida, na dawo daga kai wa Baba abinci gona, ƙafafuna duk laka, na tarar da tabarmar da na bari a gindin bishiyar bedin gidanmu a Runka ba komai a kanta sai ludayi. Ƙamus ɗin Malam Lawal yana nan inda na ajiye shi a kan turmin da aka kife, amma takarda ɗaya da na zaro daga cikinsa, na danne da ludayin, babu ita. Na tsaya riƙe da kwanon Baba, ina ta waige-waige.

Malam Lawal shi ne malamin Turancinmu, kuma ƙamus ɗinsa shi kaɗai ne a duk makarantar. Littafin ya tsufa har bangonsa ya koma kwalin sikari da aka ɗinke da zare, takardu bakwai a tsakiyarsa sun rabu da ɗinki. A shekarar ya ware mu shida da za a kai Safana mu zana jarrabawar shiga makarantar kwana, yana ba kowa aron littafin yini ɗaya. In ka dawo da shi, sai ya lashi yatsa ya ƙirga takardun nan bakwai a gaban aji. "Wanda ya ɓatar mini da ko guda," in ji shi, "na soke sunansa, ya je ya yi ta tallar gyaɗa." Ba mu taɓa ganin ya faɗi magana ya janye ba. Ni kuwa ba abin da nake mafarki kamar makarantar kwanan nan, da akwatin ƙarfe mai sunana a jiki.

Aikin da ya ba mu ranar a kan kalma guda ne, "light". Ya rubuta jimloli huɗu a allo, ya ce mu zaɓo akasin kalmar a kowace. Da na buɗe wurinta, sai na ga ashe a ɗaya daga cikin takardun da suka rabu take. Na zauna tun bayan azahar ina karantawa kamar mai jin tatsuniya. A nan tana nufin haske, a can abu marar nauyi, gaba kaɗan kunna wuta, sai launin da bai ciza ba, sai barcin da motsi kaɗan ke katsewa, har da ruwan sama ɗan yayyafi. Na yi ta maimaita su a baki, ina kallon hasken rana yana ratso ganyen bedi, ina tunanin yadda kalma ɗaya ta tara 'ya'ya haka kamar kazar Inna. Sai da Inna ta kira ni sau uku kafin na ji. Na danne takardar, na ɗauki kwano na ruga. Ina kan hanyar dawowa iskar hadari ta taso.

Na duba ƙarƙashin rumbu, na leƙa akurki, na buɗe bakin akuyarmu da ƙarfi har ta tunkuɗe ni. Na bi gindin danga da rarrafe. Can sai hancina ya jiyo ƙauri daga ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Iya tana da wata ɗabi'a da duk tsofaffin unguwarmu suke da ita: ba ta ganin takarda mai rubutu a ƙasa ta wuce. Ko ta ƙunshin ƙosai ce sai ta ɗauka ta kakkaɓe, ta ƙona a kaskonta, ta binne tokar a gindin katanga inda ƙafa ba ta zuwa. Na iske ta durƙushe tana tura ƙasa da tafin hannu.

"Iya, takardar Malam ce! Turanci ne fa a ciki!"

"Yo ni na san Turanci, 'yar boko? Na gan ta kaji na tattakawa. Wa ya sani ko da sunan Allah a ciki? Ke da kika san darajarta me ya kai ki barinta a ƙasa?"

Na fashe da kuka. Ta dube ni, jikinta ya yi sanyi, ta ce in daina, gobe za ta ɗaura mayafi ta je ta ga Lawal ɗin, ai a gabanta aka yi masa kaciya. Wannan ya ƙara tsorata ni. Na roƙe ta kada ta je.

Na yi tunanin in mayar da littafin in yi shiru, amma na tuna da yatsan nan da yake lasa. Da ruwa ya tsagaita bayan la'asar, na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafina, na zauna a bakin ƙofar Iya na fara rubuta abin da na tuna. Kalmomin da ke sama da ƙasa da tawa sun gudu, na bayan takardar ban ma karanta su ba. Amma ita kalmar tana nan a kaina, ma'ana bayan ma'ana, har da misalan da ke gefensu. Iya ta zauna kusa da ni tana kore mini kaji.

Da safe Malam ya karɓi ƙamus ya lashi yatsa. Ɗaya, biyu, har shida, sai ga farar takardata mai layi. Ajin ya yi tsit, ina jin ɗigar ruwa daga kwanon rufi. Na miƙe na faɗi yadda aka yi tun daga ludayi har toka. Wani a baya ya yi dariya, Malam ya ɗago ido, dariyar ta mutu. Ya karanta takardar a hankali, ya sake karantawa. Sannan ya zaro jan bironsa, wanda yake soke suna da shi. Na rufe ido.

"Kin manta ɗaya," ya ce. Da na buɗe ido, rubutu yake yi a ƙasan nawa. Ya gama ya saka takardar a gurbin wadda ta ƙone. "Sauran shidan nan, ki kwafe mini su kaf kafin Juma'a ta sama, gaba da baya. Kuma ki gaida Iya. Ki ce na ce in ta ƙara tsintar tawa, ta aiko mini in duba mata tukuna."

Na je Safana a bayan babur ɗin Kawu, na ci jarrabawar, aka saya mini akwatin ƙarfe. Yanzu gidanmu ya koma Batsari saboda rashin kwanciyar hankali, gonar Baba sai labari, Iya ta rasu ba ta sake ganin bedin nan ba. Duk kalmar da nake nema waya na ba ni ma'anoninta kafin in ƙifta ido, in manta su kafin in ajiye ta. Ban san inda ƙamus ɗin Malam yake ba, ko rubutuna na nan a ciki. Amma har yau, in na ga takarda a ƙasa, sai na sunkuya na ɗauka.